Sau Uku Na Rubuta "Ta Faɗi a Banɗaki"

Gwaggo mai wannan fili, ina gaisuwa. Don girman Allah ki agaza mini da shawara kafin Larabar makon jibi, domin ranar ce zan tsaya gaban alƙali in ba da shaida a kan ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ranar ce za a ɗaga rubutun hannuna a nuna mini a bainar jama'a. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Ban iya gajarta magana ba, maigidana ma cewa yake ko sallama zan yi sai na fara da tarihin ƙofar.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata goma sha tara a ɗakin wanke ciwo na wani ƙaramin asibiti. Ɗaki ne mai gado ɗaya da koren labule, da tiren almakashi da auduga, da fankar da ke juyawa ranar da ta ga dama. Wanda ya yanke, wanda ya ƙone, wanda ya goce, duk wurina suke fara zuwa. A katin mara lafiya akwai layi ɗaya da aka rubuta "sanadin ciwo". Allah kaɗai ya san yawan matan da na rubuta wa "ta faɗi a banɗaki" ko "ƙofa ta buge ta" a wannan layin. Haka muka tarar ana yi. Mace ta shigo, mijinta na tsaye a kanta riƙe da jakarta, ki yi tambaya shi ya amsa, ki rubuta, ki ɗaure, ki ce Allah ya sawwaƙe, na gaba ya shigo. Benci cike yake a waje, wa ke da lokacin bincike?

Ƙanen nawa shi ne autanmu, da Auta muke kiransa har yau da ya fara furfura a gemu. Bayan rasuwar Baba ni na yi rabin rainonsa. Gyaran firji yake yi, kuma in kin gan shi a waje sai kin so shi: shi ne mai jera kujeru a duk taron dangi, shi ne mai kai tsofaffi gida a motarsa. Matarsa malamar firamare ce, 'yan aji biyu take koyarwa, suna da 'ya'ya mata biyu. Yarinya ce mai sanyin magana, ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba sai da ladabi.

Sau uku cikin shekara huɗu Auta ya kawo mini ita. Na farko targaɗe a tsintsiyar hannu. Na biyu goshi, ɗinki huɗu na yi mata. Na uku haƙarƙari, ko numfashi da ƙyar take ja. Kullum wurina yake kawo ta, wai tunda Yaya na nan ba sai sun bi layi ba, ni kuma har daɗi nake ji ana alfahari da ni. Kullum shi ke ba da labarin, yana dariya yana girgiza kai, wai tayil ɗin banɗakinsu ya sa mata ido. Sau ukun nan na rubuta abin da ya ce, na sa hannu.

Ga abin da ya fi ci mini rai, Gwaggo. Ni ce na laƙaba mata suna Santsi. Da wasa na fara, sunan ya kama, Inna mahaifiyarmu ta ɗauka, yaran dangi suka ɗauka, har aka kusa manta sunanta na gaskiya. Bayan na ukun sai na ga ya kamata in yi abin arziki: na je kasuwa na sayo mata silifas masu ƙurji-ƙurji a tafi da tabarmar roba ta banɗaki, na miƙa mata a falon Inna gaban kowa. Aka yi ta shewa. Ita ma ta yi dariya ta ce na gode Yaya, ta saka su a take.

Bara ne aka ce a rediyo ƙasarmu ta sa hannu a wata yarjejeniya ta ƙasashen duniya kan kare mata daga duka da cin zarafi a cikin gida. Tsaki na yi na canza tasha. Na ce manya sun sami dalilin hawa jirgi da ɗaukar hoto, mu dai ko auduga ba ta isarmu. Bayan 'yan watanni aka tura mu taron horo na kwana uku, na tafi don biro da littafin da ake rabawa. Wata tsohuwar nas da ta yi ritaya ce ta koyar da mu, gajeruwa mai muryar maza, ba ta da wasa ko kaɗan. Ta ce yarjejeniyar shafuka ce da yawa, amma abin da ya sauko ɗakinmu kaɗan ne. Mace mai rauni a gan ta ita kaɗai, ɗan rakiya ko wane ne ya zauna a benci. Abin da ido ya gani a rubuta shi daban, abin da baki ya faɗa daban, a kuma rubuta bakin wa ya faɗa. Sannan ta raba mana sabon fom mai zanen jikin mutum, gaba da baya, duk inda muka ga tabo mu sa alama. A ƙasansa akwai tambaya ɗaya da aka ce mu karanta yadda take, ba ragi ba ƙari. Kafin a tashi taron mun riga mun raɗa wa fom ɗin suna Ɗan Tsirara.

Makonnin farko mun sha zagi wurin mazaje. Shugabarmu ta manna takarda a ƙofa, ta ce duk wanda ya tayar da jijiyar wuya mu nuna masa, mu ce ba mu ba ne, doka ce.

Wata Litinin da safe, wata huɗu ke nan, sai ga Auta da matarsa, ta tallabe hannun hagu. Ya biyo ta ciki kamar yadda ya saba. Zan gaya miki gaskiya tunda ba ki san ni ba: da shugabarmu ba ta tsaye a baranda tana duba allon aiki, da na bar shi ya shiga. Tsoronta ne ya sa na nuna masa takardar ƙofa. Ya yi dariya ya tambaya ko har da shi, na ce har da wanda ya fi shi, ya koma benci yana latsa waya. Na rufe ƙofa.

Fom ɗin ba ya cika sai an duba gaba da baya, don haka na ce ta cire mayafi ta naɗe hannun riga. A damtsenta na ga shatin yatsu huɗu a jere, ga na babban yatsa a ɗaya gefen. Na juya ta. Gwaggo, bayanta kamar allon da aka yi ta rubutu ana gogewa, sabon tabo a kan tsoho. Shekarata goma sha tara ina wannan aiki, na san tayil ba shi da yatsu. Na sa alama goma sha ɗaya a jikin Ɗan Tsirara. Sannan na karanta mata tambayar ƙasa, wato ko tana jin tsoron komawa gida. Ta kalli ƙafafunta, silifas ɗin nan nawa ne a ƙafarta. Sai ta ce, a hankali, "Yaya, shekara huɗu ina jiran ki rufe ƙofar nan."

Ban yi kuka a lokacin ba, aiki ne ya riƙe ni. Na kira likita ta ƙofar ciki, ya sake dubawa da kansa ya sa hannu. Ya kira jami'ar walwala, ta zo ta fita da ita ta baya, aka wuce makaranta aka ɗauko yaran. Auta yana benci har azahar yana zaton ɗinki ake yi.

Abin da ya biyo baya ni kaina ban yi zaton zan gan shi da raina ba. A da, mace ce ke tattara tsummokaranta da 'ya'yanta ta gudu, bayan sati a taru a ba ta haƙuri a mayar da ita. Wannan karon cikin kwana biyu kotu ta ce shi ne zai bar gidan, kada ya kusanci ƙofar ko makarantar da take koyarwa. Shi ya kwashi kaya ya koma ɗakinsa na samartaka a gidan Inna. Kawunnanmu biyu suka sa manyan riguna suka je wurin matar Auta a kan ta janye ƙara. Ta tarbe su da shayi, ta gaishe su har ƙasa, ta gaya musu ko ta janye maganar ba za ta mutu ba, domin yanzu hukuma ce ke riƙe da ita. Suka dawo gidan Inna suna tambayar juna yaushe aka yi wannan doka ba a sanar da su ba. Allah ya yafe mini, na shiga kicin na yi dariya har da hawaye.

Ki zo ki gan ta yanzu. Ta yi ƙiba, ta sake fentin falo, ta koma karatun ƙarin girma da ta ajiye. Ashe tana da dariya mai ƙarfi, irin wadda maƙwabta ke ji, ni shekara tara da aurensu ban taɓa jin ta ba. Ƙaramar 'yar ta daina fitsarin kwance. A ɗakinmu kuwa, daga lokacin zuwa yau mata bakwai sun amsa tambayar nan da e, kuma yanzu ko shugaba na nan ko ba ta nan, ni ce ta farkon rufe ƙofa. Makon jiya matar Auta ta zo gidana da leda a hannu, ta ajiye a gabana tana murmushi. Silifas ne da tabarmar roba. Ta ce, "Yaya, ga kayanki. Wata huɗu ban faɗi ba." Na so ƙasa ta buɗe in shige. Ledar na nan a ƙarƙashin gadona, na kasa jefarwa, na kasa kallo.

To ga inda na maƙale. Ranar Larabar za a saurari ainihin shari'ar, a kuma yanke ko umarnin nesanta shi da gidan zai ci gaba. Lauyan Auta ya nemo tsofaffin katunan nan uku ta hannun kotu. An ce zai ɗaga su ya ce nas ɗaya, hannu ɗaya, ko dai da can ta yi ƙarya ko yanzu take yi. Inna, wadda wata huɗu ke nan gaisuwata ba ta samun fiye da "lafiya" a wurinta, ta aiko aka kira ni. Ta ce ba ta ce in yi ƙarya ba, in dai tsaya a kan abin da na rubuta da hannuna, in ce yarinyar dama mai yawan faɗuwa ce, dangi duk sun sani, ga sunanta ma. Tana magana tana haki, ga hawan jini. Ta tuna mini ni na goya Auta.

Idan na ce katunan daidai ne, na sare ƙafar shari'ar yarinyar nan, wataƙila ya koma gidan. Idan na ce ba daidai ba ne, na tsaya gaban duniya na ce shekara da shekaru ina aikin sakaci, ban san me hukumar asibiti za ta yi da ni ba, ga ƙanena zai iya tafiya gidan yari, ga Inna. Kuma har yanzu ina son Auta, Gwaggo, in na ga ya rame sai tausayinsa ya kama ni. Amma ban yi nadamar rufe ƙofar nan ba ko na minti ɗaya. Wani lokaci ina tafiya a titi sai in ji farin ciki ya cika mini ƙirji, sai kuma in ji kunyar farin cikin. Laifi ne? Me zan ce ranar Laraba?

Taki,
Mai Ɗaurin Ciwo

*

Ƙanwata Mai Ɗaurin Ciwo,

Kafin komai, barka. Barka da gaske. Mace ɗaya da 'yan mata biyu suna kwana da ido biyu rufe saboda ke, ga wasu bakwai a bayansu. Farin cikin da kike ji a titi naki ne, halalinki ne, ki daina ɓoye shi kamar kayan sata. Kin ce tsoron shugabarku ne ya sa kika rufe ƙofar. To sai me? Don irin wannan ranar ake manna doka a ƙofa, ranar da zuciya ba za ta iya ita kaɗai ba. Alamomi goma sha ɗayan kuwa ba shugaba ce ta riƙe miki biro ba.

Yanzu ga lauya. Aikinsa yake yi, kuma ƙanenki yana da haƙƙin a kare shi, kada ki riƙe shi a zuci. Amma ƙofofi biyun da zai nuna miki, akwai ta uku da ba zai ambata ba, ita ce gaskiya. Katunan can uku sun ɗauki abin da aka gaya miki, daga bakin wanda ya kawo ta, yana tsaye a kanta, ba ki ɗaga rigarta ba. Fom na huɗu ya ɗauki abin da idonki ya gani, ƙofa a rufe, likita ya sake gani ya sa hannu. Ki faɗi haka daidai yadda kika faɗa mini. In ya tambaye ki ko kin yi sakaci, ki ce e, na yi, ki yi shiru. Ba zan shafa miki mai a baki ba: sakaci ne, kuma jikin yarinyar nan ne ya biya. Sai dai shaidar da ta amsa laifinta da bakinta ta fi wahalar kayarwa a kan wadda ke ta kame-kame.

Gobe da safe, kafin ki sa safar hannu, ki shiga ofishin shugabarku ki gaya mata labarin katunan, har da cewa matar ƙanenki ce. Kada ta fara jin sa daga kotu. Ki nemi a haɗa ki da lauyan asibiti ko na ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya. Ba zan yi miki alkawarin ba za a ba ki takardar gargaɗi ba. Amma ke da kanki kin ce haka kuka tarar ana yi, kuma hukumar da ta kashe kwana uku tana sake muku horo ta san da hakan. Kada ki taɓa ko ɗigo a tsohon kati. Kada ku zauna ke da matar ƙanenki kuna daidaita abin da za ku ce. Abin da kika gani ki faɗa, abin da ba ki gani ba ki ce ban sani ba. Sannan ki tuna wa jami'ar walwala cewa kwanakin da ke kusa da shari'a su ne zuciya ta fi tafasa, a ƙara sa ido a kan gidan da makarantar.

Inna ba abokiyar gabarki ba ce. Uwa ce da ta ga autanta a bakin rami, ta kama abin da ya fi kusa da hannunta, wato ke. Ki ci gaba da zuwa. Ki tafi da abin awon jininki, ki auna ta, ki jera mata magunguna, ko "lafiya" kaɗai za ta ce. Ki gaya mata sau ɗaya, cikin ladabi, cewa abin da kika gani za ki faɗa, kada ki sake buɗe gardamar. Kada kuma ki bari ta ji shi a bakin wani ranar Laraba. Jikokinta biyu suna cikin gidan da ake magana a kai, kuma wata rana za ta so su shigo ɗakinta da gudu ba tare da sun tsaya leƙe ba.

Auta kuwa, ki so shi, ba wanda ya hana ki. Amma ki duba abin da ake roƙonki ki ba shi: ki mayar da shi gidan nan dai, da hannun nan nasa dai, da tabbacin cewa Yaya za ta rufa masa asiri. Na biyar ɗin ba lallai ɗakinki za a kawo ta ba. Hukunci na alƙali ne, ba naki ba. Naki shi ne ki gaya masa cewa in akwai zaman gyaran hali da ake yi wa maza irinsa, ya nema da ƙafarsa tun kafin a tura shi, kuma za ki raka shi har bakin ƙofa. Wadda ta goya shi tana da bakin faɗa masa wannan.

Ni ma ina cikin masu tsaki in an ce an sa hannu a yarjejeniya, kuma da yawansu a aljihun tebur suke tsufa. Wasiƙarki ta sa na sassauta. Takardar da aka yi ta jayayya a kanta a can nesa ta yi tafiya har ta iso ɗaki mai gado ɗaya da fanka mai ganin dama, ta zaunar da namiji a benci na minti goma. Ku riƙe ta da kyau, ku koya wa sababbin ma'aikata, domin ranar da kuka gaji da rufe ƙofa, ranar ta koma takarda.

Saura abu biyu. Sunan nan da kika laƙaba, ke za ki cire shi. A taron dangi na gaba ki kira ta da sunan da iyayenta suka ba ta, da ƙarfi, duk wanda ya kira ɗayan ki gyara masa, ko da kawu ne.

Sai ledar ƙarƙashin gado. Kin ɗauke ta abin kunya, ni kuwa ita ce abin da ya fi faranta mini rai a duk wasiƙarki. Ki fito da ita, ki ba lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara labarinta, shi ya san yadda zai yi da shi. In lauyan Auta ya ɗaga katunanki ya ce matar nan mai yawan faɗuwa ce, ki tuna abin da ke cikin ledar. Banɗakin nan shi ne, ba a sake tayil ba, ruwa yana zuba kamar kullum, ta ma cire silifas ɗin ta naɗe tabarmar. Mutum ɗaya ne ya fita daga gidan, faɗuwa ta tsaya.

Ki sa farin kayanki ranar Laraba, ki goge su da kyau, ki ɗaga kai. Allah ya daidaita harshenki, ya sanyaya zuciyar Inna, ya shiryi Auta, ya bar wa yarinyar nan dariyarta.

Gwaggonku